Inda Ake Haifar Babur

Shekara ashirin da uku ina kwance babur
a gindin dalbejiya, unguwar Yelwa, nan Garwa.
Duk injin da na buɗe akwai rubutu a jikinsa
kamar tonon kaza a bayan ɗaki.
Ban taɓa tambayar me yake cewa ba.

Sai Jebba ta bugo daga makaranta:
"Baba, zo ka ga inda ake haifarsu."
Na sayar da bijimin da na ajiye a Pitowa,
na bar wa Hamajoda makullin rumfa,
na hau jirgin sama,
ni da ko Yawunde sau biyu na taka.

Chongqing.
Kwana uku harshena yana tuntuɓe da sunan.

Gari ne da aka ɗora a kan gari
kamar ƙoren mai tallar nono.
Na shiga wani gida ta ƙofar titi,
na leƙa taga, ga ni a hawa na ashirin da biyu.
Ƙafata ta ce ƙasa, idona ya ce sama,
na dafa bango, na yi salati.
Jirgin ƙasa ya zo ya huda cikin bene
ya fice ta baya, allura a jikin saƙi,
wata tsohuwa can sama tana shanya, ko waige.

Kuɗina ba wanda ya yi marmari.
Na miƙa takarda, mai shago ta dubi Jebba,
Jebba ta ɗaga waya, ƙit, an biya.
Ni mai ciyar da baki goma sha ɗaya,
'yata ke saya mini ruwan sha.

A shagon wasu masu farar hula
aka amsa sallamata, kirjina ya sauka.
Na ce ni ɗan bakin Binuwai ne, yaji ba ya ba ni tsoro.
Loma uku, leɓena ya mutu,
na sha hawayena tare da taliya.

Ana ta ɗaukata hoto.
Wani yaro ya shafi hannuna, ya duba yatsansa.
Na yi dariya.
Da na kwanta dariyar ba ta biyo ni ba.

Inda kogunansu biyu suka gamu
fitilu sun cinye dare har ƙashi.
Na nemi dorina, na nemi masu wanki,
na nemi kwalekwalen masu ɗiban yashi.
Ruwa dai, da haske yana rawa a kai.

Rana ta shida na ɓace.
Ƙarƙashin wata gada na jiyo tari,
tarin da zan gane ko cikin barci.
Wani tsoho a tsugune, taba a bayan kunne,
yana zagin babur da yarensu.
Na tsuguna. Na nuna fulogi.
Ya girgiza kai. Na sake nunawa.
Ya dube ni, ya dubi babur,
ya miƙo sifana.
Bugu ɗaya injin ya tashi.
Ya kama hannuna ya juya, ya ɗora nasa a gefe:
baƙin mai ƙarƙashin farce,
tabon salansa a wuri guda.
Ba mu ce komai ba. Me za mu ce?

Yanzu ga ni gindin dalbejiya,
sifanar tsohon tana aljihuna.
In na ba da labarin jirgi mai huda bene
Hamajoda ya sunkuyar da kai, wai ladabi,
ni na san dariya yake ɓoyewa.

Jiya na ɗauki hoton rubutun nan na aika wa Jebba.
Ta ce: "Baba, cewa ya yi
a duba mai kafin a tayar."

Shekara ashirin da uku
abin da nake faɗa wa 'yan acaɓa ke nan,
ba mai ji.